Ki Je Ki Huta

Ranar da aka kore ni daga aiki, godiya na yi, har da durƙusawa. Na faɗi wannan tun da farko ne don mai son dariya ya yi abinshi ya gama, sannan mu ci gaba.

A lokacin girki nake yi a wani gidan abinci da ke kan hanyar jami'a a Dutsin-Ma. Shinkafa da wake, taliya, tuwo ga mai so, kuma ɗalibai ne yawancin masu ci. Tun bayan rasuwar maigidana nake wurin. Da aikin nake riƙe da ɗakin hayata, da shi nake ci, ba na miƙa wa kowa hannu. Mai wurin wata Hajiya ce mai sanyin magana, irin mutanen nan da in ka taka masu ƙafa su ne za su ce maka sannu. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ni ce dai ake jiyowa tun daga bakin titi.

Wata rana bayan an tashi, ina kankare ƙanzo a gindin tukunya, sai ta kira ni gefe. Ta tambayi lafiyata, ta tambayi ɗiyata da ke aure a Karofi, ta tambayi ƙafar da nake yawan kuka da ita. Sannan ta ce ta lura na gaji ƙwarai, shekara da shekaru ina tsaye gaban wuta.

"Ki je ki huta," in ji ta. "In an kwana biyu za mu neme ki."

Ta miƙo mani leda, atamfa da sabulu a ciki.

To ni a lokacin ina zuwa makarantar manya da yamma, inda na koyi karatu da rubutu bayan furfura ta fara leƙowa. A can na ji Malamarmu tana cewa ma'aikatan gwamnati duk shekara ana ba su hutu, su je gida su miƙe ƙafa, aikinsu yana nan yana jiran su. Tun ranar abin ya tsaya mani a rai. Da Hajiya ta ce in je in huta, sai na ce a zuciyata ashe mu ma mun kai. Na durƙusa na jero mata addu'a, ita da 'ya'yanta har da jikokin da ba ta samu ba tukuna. Na ga idonta ya kawo ruwa, na ɗauka addu'ar ce ta ratsa ta.

Na tsaya a kan tela sai da ya ɗinke atamfar. Na sayi burodi da lemo na tsaraba, na hau mota sai Kurfi, gidanmu, inda Yayana yake da iyalinshi, da Goggo, ƙanwar babanmu, wadda ita kaɗai ta rage mana cikin manya.

Duk wanda ya tambaye ni, hutu aka ba ni. Wanda bai tambaya ba ma na faɗa mashi. Na faɗa a mota, na faɗa wa ɗan acaɓar da ya kai ni ƙofar gida, na faɗa a zaure tun ban cire takalmi ba. Mata suka shigo gaishe ni, na kishingiɗa a tabarma ina koya masu yadda ake hutu: mutum ya yi sallar asuba ya koma, kada ya kusanci murhu, in an yi sallama ya amsa daga kwance. Matar Yaya ta tambaye ni a hankali yaushe aka ce in koma. Na ce ba a sa rana ba, an ce za a neme ni. Ta dubi maƙwabciyarta, maƙwabciyar ta dubi ƙasa. Ɗaya ta ce Allah ya musanya da mafi alheri. Na ce amin, ko da yake ban ga abin da za a musanya ba. Wata ta ce in yi haƙuri. Na ce haƙurin me, mutum yana kwance ana dama mashi fura?

Sai ga mutane suna ta zuwa, har waɗanda rabona da su tun zaman makokin maigidana. Mai kawo fura, mai kawo dafaffiyar gyaɗa, wata ƙawar mahaifiyarmu har da kaza. Ni ina ganin karramawa ce ta ma'aikaciya ta zo gida, ashe jaje ake zuwa yi mani. Unguwar kaf ta sani, ban da ni. Ina zaune cikin sabuwar atamfa ina karɓar ta'aziyyar aikina da fara'a, duk wadda ta tashi tafiya in ce mata Allah ya ba ta irin nawa. Na dai lura ba mai cewa amin.

Yaya kuwa ya sa aka buɗe ɗakin marigayiya mahaifiyarmu, aka toshe inda yake yoyo, aka shafe bango da farar ƙasa. Na ce mashi don ɗan hutun nan ba sai an wahala ba. Ya ce ba komai, ɗaki dai ya zauna a gyare.

Goggo ce ta fasa ƙwan. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta ras yake. Wata safiya ina shafa mata man zafi a gwiwa, ta sa na maimaita mata abin da Hajiya ta ce, kalma bayan kalma. Na maimaita. Ta tambaya ko an haɗa mani da wani abu, na ce atamfa da sabulu.

"Har da sabulu," in ji Goggo. "Ke dai tun kina yarinya, in ba da taɓarya aka dako maki magana ba, ba ki ji. Korar ki aka yi, 'yar nan. Ki bar raba wa mutane addu'a, tsorata su kike yi."

Na ce Goggo, in kora ce me ya hana ta ce kora? Ta ce mutanen kirki ba su faɗin haka. Na ce to mutanen kirki sun sa na cinye kazar mutane ina dariya.

Yanzu ne nake ba da labarin da raha, amma ranar na zaga bayan ɗaki na daɗe ban fito ba. Da na fito na leƙa ɗakin da Yaya ya gyara, na ga har sabuwar tabarma an shimfiɗa, sai na gane nufinshi: in saki hayar Dutsin-Ma, in dawo in zauna, a riƙa zubo mani tuwo tare da na Goggo. Yaya mutumin kirki ne, matarshi ma haka. Amma na san kaina. Macen da ta saba cin guminta, in aka zaunar da ita jiran kwano, ko dai ta mutu ko ta hana gidan zaman lafiya, ni kuwa ba mutuwa zan yi ba. Na faɗa mashi haka. Ya ce ya ji, amma ba zai bar ƙanwarshi tana zaman haya ba aiki ba. Da an gama kai wake gida zai turo mota a kwaso kayana. Na ce ya ba ni zuwa lokacin. In ban samu abin yi ba, ni da kaina zan ɗaure katifata.

Da na koma Dutsin-Ma ban wuce ko'ina ba sai gidan abincin. Na tarar da wata matashiya tana tuƙa tuwo da muciyata. Na wuce ta na sami Hajiya. Ba faɗa na je yi ba, kalmar kawai nake so in ji daga bakinta.

"Hajiya, korata kika yi?"

"Haba, wa zai kore ki? Ai nan gidanki ne."

"To in ɗaura zane in shiga kicin?"

"Ki dai ƙara hutawa."

Na juya tambayar ta kowace fuska, matar nan ta ƙi. Ta ce kasuwa ce ta ja baya, ta ce ana tare, ta ce a zuba mani abinci. Sai daga baya mai wanke-wanke ta raɗa mani dalili. Wai ranar da wani mai cin abinci ya tambaya ko miyar ta yau ce, na ce mashi ta jiya ce aka ɗumama, a gaban mutane. To ta jiya ce. Ko gobe aka tambaye ni, ta jiya ce. Muciyar kuwa tawa ce, da ita na zo wurin. Na tsaya sai da yarinyar ta gama tuƙi, don tuwo bai yi mani laifin komai ba, sannan na karɓi abata na wanke na tafi.

Daga nan na shiga neman aiki, kuma a nan na gane akwai wata Hausar da ban iya ba, duk da a cikinta aka haife ni. Na je gidan burodi, aka ce za a duba. Na je wata makarantar kuɗi da ke neman mai kula da ƙananan yara, aka ce in bar lambar wayata. A gidan kwanan ɗalibai mata aka ce Allah ya sa a dace. Da farko komawa nake yi in ji ko an duba. Da na gaji, sai na riƙa tambaya tun ban tashi ba: e ne ko a'a? Ban san tambayar tana da ban tsoro ba. Alhajin gidan burodi ya ce bari ya yi alwala ya dawo ya ba ni amsa. Na zauna kan benci har la'asar, ashe gidan yana da ƙofar baya.

Na yi wankau, na soya awara a ƙofar gida, sai jami'a ta tafi nata hutun, na gaske, garin ya yi tsit, na koma ni ke soyawa ni ke ci. Makarantar yamma ma na daina zuwa, don duk 'yan ajinmu na yi wa bankwana na ce na tafi hutu, ban san da wace fuskar zan koma ba.

Malamarmu ce ta biyo sahu har ɗakina. Yarinya ce, ba ta girmi ɗiyata ba, amma ita ta riƙe hannuna na fara rubuta baƙi, don haka ba na ɓoye mata komai. Na kwashe labarin na faɗa mata, tun daga atamfa har ƙofar baya. Ta yi dariya har tana share hawaye da bakin hijabi. Can sai ta tsaya tana kallona kamar mai taya akuya.

"Mama," in ji ta, "za ki iya ce wa tsohuwa a'a?"

Na ce wace tsohuwa, kuma me ta roƙa?

Ashe uwar mijinta ce, wadda duk gidan suke kira Inna. Tana da ciwon suga da hawan jini, likita ya hana ta sukari, ya ce a rage gishiri da maiƙo. Malama suruka ce, ko ido ba ta iya haɗawa da ita, balle ta hana ta abu. An ɗauki masu girki a jere, duk Inna ta gama da su. Ba ta tsawa, ba ta zagi, kiran mutum take yi ɗiyata ta roƙe shi da girman Allah, wa zai iya? Ta ƙarshen ma har kasuwa ake aiken ta sayen alewa. Mijin Malama a Katsina yake aiki, sai ƙarshen wata yake zuwa. Ta ce in gwada kafin ya zo, in ya zo shi zai yanke ko a ɗauke ni.

Na yi zaton zan ga wata ƙatuwar mace. Sai na tarar da 'yar tsohuwa ƙarama kan darduma, carbi a hannu, rediyo a gefe, murya kamar an shafa mata man shanu. Ta tambayi asalina. Da na ce Kurfi na faɗi gidanmu, sai ta tafa hannu ta ce ai ta san mu sarai, tana nan ranar sunana, a gabanta wanzami ya yi mani aski. Ban yarda ba, amma na ce Allah sarki. Na je na dama koko na kawo mata. Ta kurɓa, ta ajiye, ta yafito ni da hannu.

"Ɗiyata, ɗan sa mani sukari kan cokali. Ba sai kowa ya ji ba."

"A'a."

Ta waiga bayanta, ko wani ne ya yi maganar.

"Me kika ce?"

"A'a na ce, Inna. Likita ya hana."

"Likitan nan ni na san uwarshi."

"To a aika wa uwar tashi ta zo ta sa maki."

Ta ajiye carbin. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce tun da aka kai ta ɗakin miji ba a taɓa yi mata haka ba. Sannan ta ce, "Na kore ki."

Wallahi sai na ji wani sanyi a raina. Ga dai mutum ya faɗi magana da sunanta. Na ce na gode Inna, na ɗauki mayafina. A zaure Malama ta tare ni tana haki, ta ce ina za ni? Inna ko rediyo korar shi take yi in ya faɗi labarin da ba ta so, gobe in zo da wuri. Na ce Malama, ku dai mutanen garin nan ba wanda zai ajiye magana ta zauna inda aka ajiye ta.

Haka muka shiga yaƙi ni da Inna. Ta gwada yabo, ta ce ba ta taɓa ganin mace mai kyan hannu irina ba. Ta gwada rashin lafiya, ta kwanta ta ce jiri take ji, kuma ta san maganin. Ta ba ni turare. Ta tambaye ni ko a makarantar tamu ba a koya mana haƙƙin manya ba, na ce an koya, shi ne ma nake saukewa. Da ta ga ba ta nan, sai ta koma ta hannun baƙi. Kowace tsohuwa ta zo gaisuwa, akwai ƙullin leda ƙarƙashin hijabi. Sai na ɗauko kujera na dasa a bakin ƙofarta, duk mai shiga ta buɗe leda. Matar liman ma ta buɗe. Nakiya ce, na ce Allah ya saka, na kai wa Malama.

Amma ban bar ta da yunwa ba, kada a ce mugunta ce. Gishirin da na rage na cike gurbinshi da daddawa. Koko na sa mashi citta da kanumfari da tsamiya har ya yi armashi. Na yi mata kwaɗon zogale, na yi tuwon dawa da miyar kuka, na yi faten wake da alayyafo. Takan cinye tas, ta suɗe hannu, ta ce ba daɗi. Kullum da yamma in zan tafi sai ta ce kada in dawo, da safe in na ɗan makara sai ta tambayi Malama ko mara kunyar nan ba ta zo ba.

Ana cikin haka Yaya ya kira. Wake ya shiga gida, ya yi magana da mai mota, ranar Asabar za a zo kwasar kaya. Na ce mashi ina kan gwaji. Ya ce gwaji ba aiki ba ne, kuma gaskiya ya faɗa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mijin Malama ya iso. Bai ko ci abinci ba Inna ta sa aka kira shi, ta ce ni ma in zo in ji da kunnena. Ya zauna a ƙasa ya sunkuyar da kai, babban mutum da gemu. Ni ina tsaye bakin ƙofa, Malama ta laɓe bayan labule. Inna ta fara karanto laifuffukana. Ba ni da kunya. Ina mayar da magana. Na caje matar liman kamar 'yar sanda. Na sa ƙawayenta sun ɗauke ƙafa. Na ce a kira uwar likita. Ba ta yi mani ƙarya ko ɗaya ba. A raina ina ta lissafin yadda katifata za ta shiga bayan mota, da wanda zan bar wa randata.

Da ta gama, ya ba ta haƙuri. Ya ce bai san abin ya kai haka ba, in sha Allahu cikin satin nan za a nemo wata mai ladabi.

"Wa ya aike ka?" in ji Inna.

Ya ɗago kai.

"Ƙara na kawo maka, ban ce ka yanke hukunci ba. Masu ladabin naka, in na fara faɗa sai su sa kuka, in rasa inda zan kai sauran. Wannan tana ramawa."

Ya ce to Inna, ya jikin? Ta ce kumburin ƙafa ya sace, jirin ma ya tafi, amma wannan addu'a ce, kada wani ya ce girkin wata ne. Ya juyo ya dube ni, ya dubi uwarshi. Na ce Alhaji, ni ba na gane zance sai an fito da shi fili. Ya yi murmushi ya ce an ɗauke ni, daga yau. Inna ta ce tun da an gama, a kawo mata abinci, ko da yake ta san ba daɗi.

Sai da na zuba mata na fita zaure na kira Yaya. Na ce ya sallami mai mota, na samu aiki. Ya yi hamdala, sannan ya ce to ɗakin fa, an riga an kashe mashi farar ƙasa. Na ce ya zuba wake a ciki. Ya tambaya wane irin aiki ne. Na ce hana wata tsohuwa shan sukari.

Na ji yana maimaita wa wani, sai ga muryar Goggo daga gefe, ashe tana kusa tana saurare.

"Ka ce mata Allah ya sa albarka," in ji ta. "Ka kuma ce mata in ta zo Sallah, kada ta kusanci furata."